TARIHIN GARI SHI NE MAFARIN AWON ƘASA
Jawabin da aka gabatar a taron shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina godiya da wannan dama da aka ba ni domin in ɗan yi tsokaci a kan aikina na safiyo. Abin da nake so mu tafi da shi guda ɗaya ne: na'urar awo tana faɗin tsawon fili da faɗinsa, amma ba ta san mai shi ba. Wannan sai tarihin gari.

Bari in kawo misali da Fanisau, cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo, arewa da birnin Kano. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, shi ya mayar da garin ribaɗi domin tare hare-haren Ɗan Tunku. Aka kewaye shi da ganuwa, aka kafa gandayen sarki a bayanta, bayi suna nomawa. Wannan asali ya bar wa mai awo ƙasa iri uku. Cikin gari gidajen gado ne, katanga jingine da katanga, lunguna a karkace, domin tsaro aka duba wajen gina su, ba tsarin titi ba. Sai gandu, wanda na sarauta ne, ba na mutumin da ke kan karaga ba. Sai kuma gonakin talakawa, waɗanda rabon gado ya yi ta tsagawa har wasu suka koma 'yan siraran tsiri.

A irin waɗannan gonaki, iyaka ba dutsen siminti ba ce. Jerin gamba ne, ko bini-da-zugu, ko wata tsohuwar kuka, ko burtalin da shanu ke bi. Haka kuma ba duk mai noma gona ne mai ita ba. Wata aro ce, wata jingina, wata kyauta. Dagaci da mai unguwa da dattawa su ne rijistar.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, sun kawo awon taki, inda malamai ke auna gona da taku. To, amma domin haraji aka yi shi, ba domin tabbatar da mallaka ba. Dokar 1910 ta sanya ƙasar Arewa a hannun Gwamna, ta 1962 ta bi sawunta, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana ga Gwamnanta, ta ba Ƙaramar Hukuma ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Duk cikinsu babu wadda ta goge tsofaffin iyakoki. A kansu ta zauna.

Yau birni ya cimma irin waɗannan garuruwa. Gonar da a da ake lissafinta da damin dawa, yanzu da fuloti ake lissafinta. Dillalai su zo da awon igiya, su yanka, su haɗa har da burtali da hanyar ruwa. Wanda kakansa ya karɓi aro ya sayar, magadan mai gona su taso, sai kotu. Zumunci ya lalace, mai saye kuma kuɗinsa ya maƙale. Shi ya sa kafin in kafa na'ura a kowane fili, sai na zauna da dagaci da maƙwabtan gona ta kowace kusurwa, na tambayi yadda aka yi ta zo hannun mai ita.

Jama'a, dattawan da suka san waɗannan iyakoki suna ta tafiya, kukokin ma ana sarewa. Mu da Allah Ya ba ilmin zamani, nauyin yana wuyanmu. Kowa ya koma garinsu, ya tara dattawa da maƙwabta a zaga gonar gado, a rubuta da shaidu, a kira ma'aikacin safiyo mai lasisi ya kafa duwatsu, sannan a nemi takarda. Kada a manta da rabon mata da marayu. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.