Littafi Guda a Kurkukun Sibiriya

Yau za mu leƙa ƙasar Rasha, mu ji labarin Fiyodo Dostoyefski, mashahurin marubucin nan da ya sami abin da ransa ke nema a inda ba wanda zai je nema da son ransa.

A watan Disamba na 1849 aka fito da shi da abokansa wani fili a Fitasbag, babban birnin ƙasar a wancan zamani, aka karanta musu hukuncin kisa. Laifinsu shi ne taruwa suna karanta rubuce-rubucen da hukuma ta haramta. An riga an ɗaure mutum uku a jikin turaku, sojoji sun ɗaga bindigogi, sai ga umarnin Sarki Nikolas na Farko cewa an sassauta. Dostoyefski yana da shekara 28. A ranar ya rubuta wa wansa cewa bai karaya ba, yana kuma baƙin cikin kwanakin da ya ɓata a banza.

Aka sa masa mari, aka nufi Sibiriya da shi. A garin Tobolsk waɗansu mata, waɗanda suka bi mazajensu zaman ɗauri, suka ba shi Sabon Alkawari. Shekara 4 ya yi a kurkukun Omsk tare da ɓarayi da masu kisan kai, ga sanyi, ga ƙazanta, ga farfaɗiya. Littafin nan kaɗai doka ta yarda ya riƙe. Yana karanta shi, yana duban mutanen da duniya ta yar, har ya fara ganin mutunci a cikinsu. Bangaskiyar ƙuruciyarsa, wadda ta yi sanyi, ta sake kamawa.

Kada a ɗauka daga nan komai ya daidaita. Da aka sake shi a 1854, ya shaida wa ɗaya daga cikin matan nan cewa shakka ba ta rabu da shi ba, amma bai san abin da ya kai Almasihu kyau ba. Bashi da caca suka wahalshe shi shekaru. Ya auri Anna a 1867, ya sami kwanciyar rai, ya bar caca a 1871. A 1878 ɗansu ƙarami ya rasu, kuma cikin wannan makoki ya rubuta littafinsa na ƙarshe, na 'yan'uwan gidan Karamazof. Ranar da zai cika a 1881, littafin Tobolsk ya roƙi Anna ta karanta masa.

Hausawa kan ce bayan wuya sai daɗi. Shi kuwa wannan bawan Allah bai jira wuya ta wuce ba, a tsakiyarta ya koyi godiya. Wanda ke sauraronmu yau daga gadon asibiti, ko baƙunci, ko zaman makoki, ya riƙe wannan.

Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.