KADA MU ZUBAR DA KAKIN ZUMA

Wanga jawabi wani malamin gona ne ya yi ma ɗaliban wata cibiyar yaƙi da jahilci, maza da mata, a ƙasar Madarumfa. Mun buga shi nan don sauran cibiyoyi su karanta, su gwada.

  

Yau ba maganar hatsi ko gyaɗa ta kawo ni ba. Ku dubi abin da ke hannuna. Wanga kyandir ne, wanda wasu ke ce ma buji. Ba daga kanti ya fito ba. Ni na yi shi a gidana, da kakin zuma da zaren kaɗa. Ku karɓa ku sansana, kowa ya miƙa ma na kusa da shi.

A garin nan akwai masu rataya amya. A Gaya, da Magarya, da Matamai ma haka ne. In an ɗebo zuma, sai a matse saƙa, a zuba zuma cikin kwalabe. Abin da ya saura fa? Yara su tauna su tofar, sauran a watsar bayan gida. To, abin nan da muke watsarwa shi ne kaki, kuma dukiya ne.

Ƙudan zuma daga jikinsa yake fid da kaki. Kafin ya yi kilo 1 na kaki, sai ya sha zuma wajen kilo 6 zuwa 8. Ku duba wahalar da ya sha! A ƙasar Habasha da ta Tanzaniya ana tara kakin nan, ana sayar da shi ƙasashen waje. A Faransa da Amurka, mutane da yawa suna yin kyandir mai ƙamshi a gida don jin daɗinsu kawai, kuma da kuɗɗinsu suke sayen kakin. Nan gida ma, dukawa suna goga shi ga zaren ɗinki. Maƙeran Agadas da shi suke fara siffanta kayan azurfa kafin su zuba narkakken ƙarfe. Mu kaɗai muke zubar da namu.

Na san yanzu akwai fitilar sola da ta pil a gidaje da yawa. Kyandir bai fi su haske ba. Amma ran da pil ya ƙare, ko hadari ya hana sola cika, mai kyandir ba ya kwana cikin duhu. Kyandir ɗin kanti kuwa, mafi yawansa daga man fetur ake samun kakinsa. Kun ga yadda yake lanƙwashewa da bazara. Kakin zuma sai zafi ya kai digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, shi ya sa ya fi jimre ma zafin ƙasarmu. Yana daɗewa yana ci, hayaƙinsa kaɗan ne, kuma da ƙamshin zumarsa yake zuwa.

AIKI NA FARKO: TACE KAKI

Ku tara saƙar da aka matse. Ku ware fara dabam, baƙa dabam, don fara ta fi ba da kaki mai kyau. Kada ku ajiye ta da daɗewa, akwai wata tsutsa da ke cinye ta.

1. Ku wanke saƙar da ruwa har zaƙin ya fita.
2. Ku zuba ta cikin tsohon zane mai tsabta, ku ɗaure bakinsa.
3. Ku sa ƙunshin cikin tukunya, ku zuba ruwa ya rufe shi. Ruwan sama ya fi. Ruwa mai kanwa yana ɓata kaki.
4. Ku hura wuta kaɗan kaɗan. Ruwa ya yi zafi ƙwarai, amma kada ya riƙa tafasa yana tsalle.
5. Ku danna ƙunshin da muciya. Kaki zai fito ta cikin zane ya taso sama, don ruwa ya fi shi nauyi.
6. Ku fid da ƙunshin, ku sauke tukunya, ku rufe ta, ku bar ta ta kwana.

Da safe za ku iske kaki ya daskare bisa ruwa kamar faifai. Ku ɗaga shi, ku kankare dauɗar da ke ƙarƙashinsa da wuƙa. In bai yi tas ba, ku sake. Kakin da aka tace haka yana shekaru bai lalace ba.

Tukunyar alminiyom ko langa ta fi dacewa da wanga aiki. Baƙin ƙarfe da tagulla suna sa kaki ya yi duhu. Kuma ku ware tukunya guda don kaki kaɗai, kada ku ɗauki ta miyar uwargida.

AIKI NA BIYU: LAGWANI

Lagwani shi ne ran kyandir. Zaren kaɗa tsantsa ake so, irin wanda tsofaffinmu ke kaɗi. Zaren roba narkewa yake, yana wari. Ku ɗauki sili uku ku kitsa su kamar kitson kai. Ku tsoma cikin narkakken kaki, ku miƙe shi, ku bari ya bushe. Kakin zuma yana son lagwani mai ɗan kauri.

Ta yaya za ku san kun dace? Sai kun kunna. In wuta ta yi tsawo tana hayaƙi, lagwani ya yi kauri da yawa. In wuta ta yi ƙanƙanta, kaki ya taru ya kashe ta, lagwani ya yi siriri. Ku yi guda ɗaya ku gwada tukuna, kafin ku yi ashirin.

AIKI NA UKU: NARKARWA

Nan nake so kowa ya buɗe kunne. Ba a ɗora kaki kai tsaye bisa wuta. Ni na yi wanga kuskure da farko. Na sa kaki cikin gwangwani, na aza bisa murhu, na tafi gaisawa da baƙo a ƙofar gida. Kafin in komo, ya kama da wuta. Cikin ruɗewa na watsa mashi ruwa. Wuta ta yi tsalle sama, ta lashi danni. Maƙwabta ne suka taimake ni da ƙasa. Ga tabon nan a hannuna, ku gani.

Ga yadda ake yi. Tukunya da ruwa bisa wuta, gwangwanin kaki kuma cikin ruwan. Zafin ruwa ba ya wuce digiri 100. Wanga zafi ya isa ya narkar da kaki, amma bai isa ya kunna shi ba. Ku lura kada ruwan ya ƙone ƙarƙaf, kuma kada ya fantsama cikin kakin. Gwangwanin ya zama marar tsatsa. Ku ajiye marfi da kwanon rairayi kusa da ku. In wuta ta kama, ku rufe da marfi ko ku zuba rairayi. Ruwa, a'a!

AIKI NA HUƊU: ƘAMSHI

Iyaye mata, nan fagenku ne. Ku da kuka iya haɗa turaren wuta, ba sai an koya muku ƙamshi ba. Abu biyu kawai zan faɗa.

Na ɗaya, turaren mai ake sawa, irin na ƴar kwalba. Turaren fesawa ba ya haɗuwa da kaki, kuma yana kama wuta da sauri. In kaki ya narke, ku sauke, ku jira kaɗan, sannan ku zuba turare ku motsa da tsinke. Awo shi ne cokali 1 na turare ga cokali 16 na narkakken kaki. In kun zarce, turaren zai riƙa tsatsowa, kyandir ya yi hayaƙi.

Na biyu, wanda ba ya da kuɗɗin turare, yana iya daka kanumfari, ko kajiji, ko busasshen ɓawon lemu, ya zuba cikin kaki, ya bar shi cikin ruwan zafi kamar awa guda. Sannan ya tace da ƙyalle. Ƙamshinsa bai kai na turare ƙarfi ba, amma yana da daɗi. Tacewar nan tilas ce. Duk ɗan icen da ya saura cikin kyandir, wuta zai kama.

AIKI NA BIYAR: ZUBAWA

Ba sai kun sayi komi ba. Hannun ganyen gwanda rami gare shi a ciki. Ku yanke shi tsawon santimita 15. Ku zura lagwani ta tsakiya. Ku toshe ƙasa da laka. A sama, ku ɗaura lagwani ga tsinke, ku gicciya tsinken a baki, don lagwani ya tsaya tsakiya sak. Ku kafa shi tsaye cikin kwanon rairayi, ku zuba kaki sannu sannu. Ku bar shi a inuwa. In ya huce, za ku ga sama ya ɗan lotsa. Ku ƙara kaki kaɗan. Washegari ku tsaga hannun gwandar, kyandir ya fito.

Ƙaramin gwangwanin tumatir ma yana yi, a kunna kyandir a cikinsa. Amma ban da roba, ban da ƙwarya.

ƘAMSHI BA LAGWANI

Ga wata dabara kuma. Kakin da ya saura a gindin gwangwani, ku zuba shi cikin marafan kwalba. In ya daskare, ku ɓamɓare, kun samu ƴan dunƙule masu ƙamshi. Su ba a kunna su. A sa garwashi kaɗan cikin kasko, a rufe shi da toka, a aza marfin gwangwani mai zurfi a bisa, a sa dunƙule ɗaya a ciki. Kaki zai narke, ƙamshi ya tashi ya cika ɗaki, ba hayaƙi irin na turaren wuta. Tsoho mai tari ko mai jego da jinjiri za su fi jin daɗin wanga. Amma ku bar ƙofa buɗe, don garwashi cikin rufaffen ɗaki yana kisa. In ƙamshin ya ƙare, kakin yana nan; ku mai da shi cikin na kyandir.

GARGAƊI

Ɗakunanmu da yawa na ciyawa ne, rumbunanmu na kara. Kun san abin da gobara ke yi da hunturu in iska na kaɗawa. Don haka:

A kafa kyandir cikin kwano mai rairayi, a ƙasa, nesa da zana da tufafi da sange.
Ba a barin yaro shi kaɗai da kyandir.
Ba a barci, ba a fita, sai an kashe shi.
Kafin a kunna, a datse lagwani ya saura rabin santimita.

Wani zai ce muku kyandir mai ƙamshin lemu yana korar sauro. Abin da yake korewa kaɗan ne. Kada wanda ya bar sange saboda shi, balle yara da mata masu ciki.

ABIN DA NAKE ROƘO

Aikin nan aikin rani ne, na zama a inuwa ana hira. Wanda ya so, ya yi don gidansa, ko don gudummawar biki. Wanda ya ga hannunsa ya faɗa, ya kai kasuwa. Amma kada ku sa kuɗɗi da ka. Ku ɗauko littafinku, ku rubuta: kaki nawa na sa, turare na dala nawa, kyandir nawa ya fito, awa nawa guda ya yi yana ci. In wani ya yi kyau, awonsa na rubuce, gobe sai ku maimaita. In ya ɓaci, kun san inda kuskure yake. Mai zuma guda kakinsa ba shi da yawa. Amma in mutum goma suka haɗa nasu, sai ya cika tukunya.

Ran kasuwa mai zuwa zan komo. Masu zuma su zo da saƙa. Mata su zo da zaren kaɗa da ɗan turare. Samari su yanko hannun gwanda. Ni zan zo da tukunya. Mu yi na farko tare, a nan gindin icen ga.