Direba da Alƙalin da Ba Ya Jin Magiya



Wanda duk ya taɓa tsayawa da dare a gabashin unguwar Safa ta birnin Jidda, ya ga yadda manyan motocin kaya ke yin jerin gwano a bisa hanyar Haramaini. Akasarin masu tuƙa su baƙi ne da suka zo neman abinci daga ƙasashe dabam-dabam, kuma kowannensu akwai iyali a gida da ke jiran ƙarshen wata. Jawabinmu na yau a kan waɗannan bayin Allah yake: irin hukuncin da ke kansu in sun karya dokar hanya, da yadda za su kare kansu in an ɗora musu laifin da ba nasu ba.

A ƙasashenmu, direba ya saba da cewa in ma'aikaci ya tsai da shi, zai sauko ya gaishe shi, ya ba da hanzari, wani lokaci a yi masa afuwa. A Sa'udiyya kuwa, tun shekarar 2010 aka kafa wani tsari mai suna Saher, watau na'urorin ɗaukar hoto a bakin tituna. Na'urar ba ta tsai da kowa, ba ta kuma jin magiya. Lambar mota take ɗauka, sai dai mutum ya ga saƙo a wayarsa cewa an ci shi tara.

Tarar kuwa ba ta wasa ba ce. Bisa ga dokar hanya ta 2007 da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya, wanda ya ƙetare jar wuta zai biya Riyal 3,000 zuwa 6,000. Haka nan babbar motar da ta bar layin dama a titi mai layuka da yawa. Shiga gari da babbar mota a sa'o'in da aka hana, shi ma Riyal 1,000 ne zuwa 2,000. Ga direban da ke tara kuɗin aikawa gida, kuskuren daƙiƙa ɗaya yana iya cinye guminsa na wata guda ko fiye. Bugu da ƙari, baƙon da ake bin sa tara ba zai sami takardar izinin fita ƙasar ba sai ya biya.

To, ina mafita? Abu na farko shi ne suna. Tun da na'ura lamba ta sani, tarar tana faɗawa ne a kan wanda aka rubuta a matsayin mai amfani da motar. Saboda haka direban da aka sauya wa mota, ko ya bar aiki, wajibi ne ya tabbata an cire sunansa daga tsohuwar. In ya yi sakaci, wani zai yi ta gudu shi kuwa yana biya.

Abu na biyu shi ne lokaci. Doka ta ba mutum kwana 30 ya shigar da ƙorafi ta hanyar Absher, wato tsarin da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ke gudanar da hidimomin jama'a ta intanet. In kwanakin suka wuce, ƙofa ta rufe, sai dai in yana da uzurin da aka gamsu da shi. Ita kuma hujjar a rubuce ake son ta: takardar lodi, da lokacin fita tashar jiragen ruwa, da bayanin na'urar da ke nuna inda motar take a sa'ar da aka ce ta yi laifi. Wanda ya san shi ne da laifi, gara ya biya da wuri, gama tun watan Afrilu na 2024 ana rage kashi 25 cikin 100 na akasarin tara ga mai biya cikin wa'adi.

Abu na uku ya shafi maigida. Sau da yawa shi ke matsa wa direba ya isar da kaya a lokacin da ba zai yiwu ba sai an taka doka, in tara ta zo kuma ya zare ta daga albashi. Dokar ƙwadago ta ƙasar ta iyakance abin da ake yankewa, bisa ƙa'ida kada ya wuce rabin albashi, kuma tun 2018 akwai kotunan ƙwadago, waɗanda ake zuwa bayan an gwada sulhu.

Inda al'amari ya fi tsanani shi ne haɗari. In ba a ji rauni ba, kamfanin Najm ne kan zo ya auna, ya raba laifi kashi-kashi tsakanin masu motocin, kuma ana iya ƙalubalantar rabon. In kuwa an rasa rai, Allah ya kiyaye, haƙƙi biyu ne ke hawa kan direba: na hukuma, wanda kan kai ga ɗauri, da na magada, watau diyya, wadda a 2011 aka tsai da ita Riyal 300,000 ga kisan kuskure. A nan ne inshora mai rai ke ceton mutum. Da Larabci ake shari'a, amma wanda ba ya ji yana da damar a kawo masa tafinta. Kada ya sa hannu a takardar da ba a fassara masa ba, ya kuma yi hanzarin sanar da ofishin ƙaramin jakadan ƙasarsa. Nijeriya da Nijar duk suna da irin wannan ofishi a Jidda.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Tsautsayi dai ba ya wuce ranarsa, amma tarar da aka biya saboda an bar suna a motar wani, ko an bar kwana 30 sun shige, wannan sakaci ne. In kuna da ɗa ko ƙane da ke riƙe da sitiyari a can, ku isar masa da wannan saƙo.

Sai kuma wani makon, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.