TASHAR MOTA DA MAKOMAR FILAYENMU
Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya

 

Yawancinmu fatauci ne ya kawo iyayenmu garin nan na Bauchi, wasu daga Kano, wasu daga Katsina ko Zariya, muka sami masauki a bayan gari. To, yau garin ya iske mu, shi ya sa muke so mu yi magana a kan tashar mota.

Masu kai tumatir da albasa kasuwar Mile 12 a Ikko sun san motocin nan da ake kira BRT. Manyan bas-bas ne da aka keɓe wa hanyarsu su kaɗai, ba sa tsayawa sai a tasha, kuma ba ruwansu da cunkoso. An fara su a watan Maris na 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, tafiyar kilomita 22, sannan a 2015 aka miƙa hanyar har Ikorodu. Wallahi abin ya sauƙaƙa wa talaka. Amma akwai ɗaya gefen. A watan Janairu na 2016 aka rushe kasuwar Owonifari da ke Oshodi, a wurin kuma aka gina babbar tashar da aka buɗe a 2019. Gwamnati ta nuna wa 'yan kasuwar wani wuri a Bolade, sai dai kowane ɗan kasuwa ya san rumfa tana tashi ne ta bar masu ciniki a baya.

Mu a Bauchi ba mu da BRT. To amma ai mun san abin da tasha ke yi wa unguwa. Jirgin ƙasa ya iso nan a farkon shekarun 1960, ga unguwar Relwe nan ta tsiro a gefensa. Ku dubi Muda Lawal, yadda tasha da kasuwa ke ciyar da juna. Inda mota ta tsaya, mai shayi zai zo, sai mai faci, sai mai abinci, daga nan sai masu kuɗi su zo neman fili. Tun da garin ya zama hedkwatar jiha a 1976 yake faɗaɗa ta hanyar Jos, da ta Dass, da ta Gombe. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin keke ya ishi kowa, jama'a sun koma neman manyan motoci masu rahusa.

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna. Yana da ikon karɓar fili domin aikin jama'a, diyya kuma ta ginin da ke kai ce da amfanin gona, ba ta ƙasar kanta ba. Mu kuwa da yawanmu ba mu da komai sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa, wasu ma ita ɗin ta ɓace. Ranar da ma'auna suka zo da igiyarsu, me za mu nuna?

Saboda haka muna ba da shawara uku. Na farko, kowane magidanci ya nemo takardunsa, ƙungiya ta tattara sunaye mu je ofishin filaye tare, a fara neman takardar mallaka. Na biyu, gidajen gado a raba su yadda shari'a ta ce, a rubuta, marayu da matan da aka mutu aka bari su san rabonsu. Na uku, kada kowa ya sayar da filin bakin titi don dillali ya ruɗe shi da kuɗi, sai ya shawarci dattawa.

Ba ma ƙin tasha, mu 'yan kasuwa ne, da ita muke ci. Abin da muke so, in ta zo, 'ya'yanmu su kasance masu rumfuna a cikinta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya sa albarka a nemanmu.