Waɗanne ne suka ci Aztek da yaƙi?

Yau ina so mu leƙa Meziko ta shekara 500 da suka wuce. Ana yawan cewa Turawan Sipaniya ƴan tsiraru ne suka rusa daular Aztek, wai don suna da bindiga da doki. Ni dai wannan bayani bai gamsar da ni ba.

A 1519 Harnan Kortes ya sauka gaɓar Meziko da soja wajen 500 da dawaki 16. Tenoctitlan, babban birnin Aztek, yana tsakiyar tafki, ya fi kowane birni na Sipaniya yawan jama'a. To ta yaya mutum 500 za su ci irin wannan gari?

Ba su kaɗai ba ne. Sarki Moktezuma yana tatsar haraji daga garuruwan da aka ci da yaƙi: masara, auduga, zinariya, har da mutanen da ake yankawa don tsafi. Mutanen Sempowala sun gaji, su suka fara ba Kortes hannu. Mutanen Tilaskala, tsofaffin abokan gābar Aztek, da farko sun yaƙe shi, daga baya suka haɗa kai da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duk da haka, a ƙarshen Yunin 1520 Aztek sun fatattaki baƙin daga birni, suka kashe ɗaruruwa. Tilaskala ce ta ba su mafaka. Sannan cutar agana ta ɓarke, ta kashe jama'a ba adadi, har da sabon sarki Kwitlawak. Da aka dawo aka yi wa birnin ƙawanya, dubun dubatar mayaƙan ƴan ƙasa ne. Ran 13 ga Agusta 1521 aka kama sarki Kwautemok.

Sai me ya biyo baya? Haraji bai tsaya ba fa, mai karɓa ne ya sake. Aka rarraba garuruwa ga sojojin Kortes, ana yi musu aikin tilas. Tilaskala ta samu ɗan gata, amma ita ma ta koma ƙarƙashin sarkin Sipaniya.

Koken waɗannan garuruwa gaskiya ne, an zalunce su. Moktezuma bai saurare su ba, Kortes ya saurara don yana da bukata. Duk ranar da wani ya zo ya ce zai share muku hawaye, ku tambaye shi tun da wuri: in an gama, wa zai karɓi haraji?