Jawabin Taron Ƙungiya: Ragowar Magunguna Da Ruwan Da Muke Sha

Shugaba, dattawa, 'yan'uwana na Fatakwal da Anacha da Inugu, ina gaisuwa.

Ni ɗan kasuwa ne, ba likita ba. A Islamiyya an koya mana cewa ruwa yana ɓaci idan launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya canza. To, yau ga wata ƙazanta da ido ba ya gani, hanci ba ya ji: ragowar magunguna. Ƙwayar da muka sha, wani ɓangarenta yana fita ta fitsari. Wadda ta lalace kuwa, sai mu watsa a kwata, ruwan sama ya kwashe ta zuwa Kogin Kwara da rijiyoyinmu.

A 2022 masana na Jami'ar York ta Ingila sun auna koguna 258 a ƙasashe 104, suka tarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wuraren da suka duba, maganin da ke ciki ya wuce ƙima. Haɗarin shi ne ƙwayoyin cuta su saba da magani, ranar da yaro ya kwanta a ba shi, ya ƙi ci. Mu na Anacha mun ga tulin magungunan da NAFDAC ta kwashe da ta rufe kasuwar Ogbo Ogwu a Fabrairun 2025.

Ga abin mamakin. Naman kaza, wanda maƙwabtanmu Ibo ke kira ero, irin mai tsiro a ruɓaɓɓen icce, yana fitar da sinadarin da ke narkar da iccen. Masana a Basalona ta ƙasar Sifen sun saka wani irinsa a ruwan dattin asibiti, suka ga sinadarin yana wargaza magunguna da dama. Ku tuna, daga funfuna Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928. Ikon Allah!

Amma fa jama'a, kada wani ya je ya zuba naman kaza a rijiya. Aiki ne na tankuna da masana, kuma galibi gwaji ake yi.

Namu aikin guda uku ne. Kada a zuba lalataccen magani a kwata ko masai, a mayar wa mai kemis. Kada a sha kafso sai likita ya rubuta. Ku masu shanu a Garki, ku daina allura barkatai. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka. Wassalam.