SIRINGERI: GARIN ZIYARA NA MABIYA ADDININ HINDU
Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



Da sakatare ya nemi in yi magana a kan Indiya, na san wasunku sun zaci labarin finafinai zan kawo. To, ku yi haƙuri. Zan yi magana ne a kan wani ƙaramin gari mai suna Siringeri, wanda ke bakin kogin Tunga, a cikin duwatsun jihar Karnataka, kudancin Indiya. Ni Musulmi ne, kuma ban zo yi wa addinin kowa talla ba. Amma miliyoyin mutane suna girmama wannan gari, don haka ya kamata mu san dalili.

Abin da ya ɗaukaka Siringeri shi ne wani gidan masu ibada da ake kira mata a harshensu. Abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne zawiya haɗe da makarantar ilmi, ko da yake kwatance ne kawai, domin shugaban wurin ba ya aure, ba ya tara iyali. Mabiya sun ce wani malami mai suna Adi Shankara, wanda yawancin masana suka ce ya rayu wajen ƙarni na 8, shi ya kafa irin waɗannan gidaje huɗu: Siringeri a kudu, Duwaraka a yamma, Puri a gabas, Jotirmat a arewa. Koyarwarsa ita ce ruhin mutum da asalin dukan halitta abu guda ne, jahilci ne ke sa a ga kamar biyu ne. Saboda haka, a wurinsa ilmi ne ƙofar tsira, kuma abar bautar da ke Siringeri, wato Sharada, ita suke jinginawa ilmi.

Me ya sa ya zaɓi wurin? Labarinsu ya ce ya tarar da gamsheƙa ta fasa kai tana yi wa wata kwaɗuwa mai naƙuda inuwa daga zafin rana, sai ya ce ƙasar da maciji ke tausayin abincinsa ta cancanci zama wurin karatu. Har yanzu masu ziyara suna ciyar da manyan kifaye a kogin gaban wurin ibadar, ba mai kama su.

Gidan ya yi ƙarfi a ƙarni na 14, zamanin shugabansa Bidiyaranya, lokacin da sarakunan daular Bijayanagara suka ba shi filaye da dukiya. A wannan zamani aka gina ɗakin ibadar dutse na Bidiyashankara, mai ginshiƙai 12 da ke ɗauke da alamun buruji 12. Silsilar shugabanni kuwa ba ta yanke ba. Na 36, Barati Tirta, ya hau a 1989, ya kuma naɗa magajinsa a 2015.

Yanzu ga wurin da nake so ku kasa kunne. A 1791, ana cikin yaƙi, wasu mahaya daga rundunar Marata, waɗanda su ma mabiya Hindu ne, suka auka wa Siringeri, suka kashe mutane, suka kwashe dukiya, suka tumɓuke gunkin Sharada. Shugaban gidan ya kai kuka wurin sarkin ƙasar Maisur, Tipu Sultan, wanda Musulmi ne. Tipu ya amsa masa da wasiƙa, ya yi tir da abin da aka yi, ya ba da umurni a aika kuɗi da kaya don a gyara wurin. Wasiƙunsa kusan 30, cikin harshen Kannada, an gano su a gidan a 1916.

Kada mu ɗauka Tipu waliyyi ne. Mutanen Kodagu da Malabar suna tuna shi da ƙeta da tilasta wa mutane barin addininsu, kuma har gobe 'yan siyasar Indiya suna jayayya a kansa. Wasu masana sun ce siyasa ce ta sa ya taimaki Siringeri, domin yana yaƙi da Ingilishi da Marata a lokaci guda, yana kuma bukatar goyon bayan talakawansa, waɗanda galibinsu Hindu ne. Ni dai a matsayina na ma'aikacin gwamnati, abin da na lura da shi shi ne an kai masa ƙara, ya karanta, ya amsa a rubuce, ya fitar da kuɗi, takardun kuma suka zauna a fayil shekara 125 ba su ɓata ba. Tipu kansa ya mutu a 1799, a hannun sojojin Ingilishi, yana kare birninsa na Sirirangapatna.

Shugaban taro, na ga kana duba agogo.